Yumɓu Ba Ya Son Gaggawa

Tun wajen 2019 'yan bindiga suka riƙa koro mutanen Batsari, Jibiya da Safana zuwa cikin birnin Katsina. Mukan kai musu shinkafa da tabarmi, madalla. Amma matar da aka kashe mijinta a gabanta, ko ta ƙoshi barci ba ya zuwa, ga yini zungur ba abin yi sai tunani.

Shawararmu ita ce a zaunar da irin waɗannan mata wurin maginan tukwane su koyi sana'ar. Yumɓu sai an jiƙa shi, an tattake, an tsince tsakuwa, sa'an nan a gina randa a hankali. A bar ta kwanaki a inuwa, gama wadda aka kai wuta da danshi a jikinta fashewa take yi. Mai wannan aiki dole hankalinta ya komo kan yatsunta. Ga abokan hira a gefe, ba kuwa mai tilasta mata faɗin abin da ta gani. Ba a banza aka aiki annabi Irmiya gidan maginin tukwane ba.

Wasu za su ce roba ta kashe kasuwar. To, su ɗanɗani ruwan randa a watan Afrilu in an ɗauke wuta. Ladi Kwali ma, wadda ta rasu a 1984, tukwane ne suka kai hotonta kan naira 20.

Wadda ciwon ya yi wa tsanani a kai ta ga likita. Sauran kuwa, Zumuntar Mata ta nemo maginiya guda, ta biya ta ladan koyarwa, ta sayo yumɓu da itacen gashi.