Wanda ya sauya rumfa bai ci riba ba tukuna

Ɗan kasuwar da rashin tsaro ya sa ya sayar da shagonsa a Zurmi ko Shinkafi, ya sayi wani a Ƙauran Namoda, sisin kwabo bai shiga aljihunsa ba. Jarinsa ne ya yi ƙaura tare da shi. Amma a idon dokar haraji, tazarar da ke tsakanin kuɗin da ya sayi shagon da wanda ya sayar riba ce, kuma hukuma na da rabo a ciki. Ra'ayina shi ne a jinkirta wannan haraji har ranar da mutum ya sayar ya riƙe kuɗinsa a hannu.

Wannan ba baƙon abu ba ne. Dokar harajin ribar kadara ta 1967, wadda take karɓar kashi 10 cikin 100 kafin a maye gurbinta, ta yarda a ɗage biya ga wanda ya sayar da ginin da yake sana'a a ciki ya sayi irinsa cikin wata 12, sai dai ba ta yi wa mai gidan haya wannan rangwame ba. Amurka kuwa tun 1921 take ɗaga wa masu musayar kadara ƙafa, kuma a yau sharaɗin shi ne a kammala saye cikin kwana 180. Yanzu da sabuwar dokar haraji ta fara aiki a Janairun 2026, ta haɗa wannan riba da sauran kuɗin shiga, har tana iya kaiwa kashi 25, buƙatar sassaucin ta ƙaru. Galibin ribar ma ta takarda ce: dalar da ke kusan naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Shagon bai ƙara faɗi ba, naira ce ta rame.

Za a ce masu hannu da shuni ne za su fi cin moriya. Maganin wannan a sa iyaka ga darajar kadarar, a kuma ƙayyade lokacin saye. Za a ce Zamfara na neman kuɗin shiga ruwa a jallo. Gaskiya ne, amma jinkiri ba yafiya ba ne, bashi ne da ke bin sabuwar kadarar. Kuma yawancin cinikin gida a yankin nan a gaban mai unguwa da dillali da shaidu yake ƙarewa, hukuma ba ta ma ji labari ba. Idan aka ce sai mai rajista zai samu jinkiri, mutane da ƙafarsu za su kawo takardunsu.

Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929, arzikin yankin a kan juya jari yake, kuma rufe kasuwannin mako da aka yi a 2021 ya nuna yadda yake saurin tsinkewa. Dokar ta tarayya ce, don haka aikin na wuyan wakilanmu a Majalisar Tarayya. Su nemi a rubuta wannan sassauci ƙarara, har da gidajen haya. Manomin kirki ba ya cin iri don yunwar bazara, kada hukuma ta ci na ɗan kasuwa.