RA'AYI: A buɗe wa mara mota hanyar zuwa duwatsun Tafkin Usuma

Duk ma'aikacin da ya buɗe famfo a Garki ko Wuse ko Maitama ya samu ruwa, to akasari daga Madatsar Ruwa ta Usuma ruwan ya taso, wadda ke kusa da Ushafa a Ƙaramar Hukumar Bwari. Sai dai in ka tambayi mutum goma a Sakatariyar Tarayya ko sun taɓa ganin wannan tafki da idonsu, da wuya ka samu biyu. Tafki ne shimfiɗeɗe da duwatsu suka yi wa ƙawanya, kuma wanda ya hau ɗaya daga cikinsu da sanyin safiya ya hango ruwan kwance a ƙasa, zai yi mamakin cewa cikin Abujar da yake kuka da cunkosonta yake.

Masu zuwa suna nan. Kowace Asabar za ka ga rukunin matasa da ma'aikatan ofisoshin jakadanci da na ƙungiyoyin ƙasashen waje sun jera motocinsu a gindin dutse. Abin da ya haɗa su shi ne kowa da motarsa ya zo, ko ya biya kuɗi aka kawo shi. Ƙaramin ma'aikaci da ke zaune a Nyanya ko Karu ko Lugbe, in ya ce zai je da iyalinsa, sai ya sauya mota sau uku ko huɗu, ya ƙarasa a kan babur, sannan ya fara tunanin yadda zai dawo kafin magariba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, wannan tafiya ta fi ƙarfin mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ra'ayina shi ne, wurin da Allah Ya ajiye a ƙasar jama'a, kuma aka gina madatsarsa da kuɗin jama'a, bai kamata isa gare shi ya zama gatan masu mota ba.

Da yawa daga cikin manyan ma'aikatanmu da hadiman ministoci sun je Janeba taro, kuma sun ga yadda Suwizalan ta warware wannan matsala. Ƙasar tana da hanyoyin tafiyar ƙafa masu alama da tsawonsu ya kai kimanin kilomita 65,000. A 1979 al'ummar ƙasar suka kaɗa ƙuri'a aka shigar da batun waɗannan hanyoyi cikin tsarin mulki. Kowace mararraba tana da allo mai launin ruwan ɗorawa da ke nuna inda hanya ta nufa da sa'o'i da mintocin da za ta ci. Mai son ganin tafkin Oeschinen, wanda ke kan tsauni mai tsayin mita 1,578, jirgin ƙasa zai hau zuwa garin Kandersteg, daga can ya taka ko ya shiga keken igiya. Wani zai ce ai su masu kuɗi ne. Gaskiya ne, amma abin da ya sa tsarin yake aiki ba shi da tsada: an haɗa jadawalin abin hawa da bakin hanyar ƙafa, kuma an ɗora wa wata hukuma alhakin kula da alamomin.

Mu ma muna da rabin kayan aikin a hannu. Jirgin ƙasa na cikin Abuja, wanda aka ƙaddamar a 2018, ya tsaya lokacin annobar korona a 2020, aka sake buɗe shi a watan Mayun 2024, yana da layin da ya tashi daga Idu ya bi ta Dei-Dei ya tsaya a Gbazango cikin Kubwa. Daga Kubwa zuwa Dutse Alhaji zuwa Ushafa ba tafiya ce mai nisa ba. Abin da ya rage shi ne motocin bas kaɗan na Asabar da Lahadi da ranakun hutu, masu lokacin tashi sananne, da za su riƙa jiran saukar jirgi su kwashi mutane zuwa gindin duwatsun, su komo da su kafin jirgin ƙarshe. Wata motar kuma ta tashi kai-tsaye daga tsakiyar birni saboda mazauna ɓangaren Nyanya. Birnin da ya taɓa ganin manyan motocin da har yau ake kira da sunan El-Rufai ba baƙo ba ne ga irin wannan tsari.

Na san akwai ƙorafe-ƙorafe biyu masu nauyi, kuma bai dace a kau da kai daga gare su ba. Na farko tsaro. Ba a manta da garkuwa da mutanen da aka yi a yankin Bwari a farkon 2024 ba, har da rayukan da aka rasa. Amma a duba da kyau: ɗan bindiga yana son dajin da ba kowa ne. Dutsen da ke da turba sananniya, da rajistar masu shiga da fita, da 'yan sanda a bakin hanya, da 'yan sa-kai da mafarauta na yankin a matsayin jagorori masu albashi, ya fi wuyar zama maɓoya a kan wanda aka bar wa ciyawa. A fara da hanya ɗaya ko biyu mafi kusa da gari, da rana kawai, a rukuni, sannan a faɗaɗa gwargwadon shawarar jami'an tsaro.

Na biyu tsabtar ruwa. Usuma ruwan sha ne, kuma Hukumar Ruwa ta Babban Birnin Tarayya tana da hujjar tsaurara shiga. To amma mutane suna zuwa ko da tsari ko babu. Mun ga abin da ya faru da tafkin tsohon wurin fasa duwatsu na Mpape a 2020: hotunansa suka bazu a kafafen sada zumunta, jama'a suka yi tururuwa, ledoji da robobi suka biyo baya. Gara hukuma ta shata hanya a kan tudu nesa da bakin ruwa, ta hana wanka da wanki da zubar da shara, ta gina bayan gida da wurin alwala da salla a inda ƙazanta ba za ta gangara tafki ba, ta kuma ci tarar duk wanda ya ƙetare iyaka.

Ribar kuwa a fili take. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Ma'aikacin Abuja yana yini a kan kujera, ya ƙarasa ranar a cikin cunkoson AYA ko na hanyar Kubwa, kuma kowannenmu ya san abokin aikin da hawan jini ko ciwon suga ya kayar kafin ya kai ga ritaya. Lafiya uwar jiki, in ji Bahaushe. Ga kuma mutanen Ushafa, Gbagyi masu ƙasa, waɗanda tukwanensu suka kawo Shugaban Amurka Bill Clinton garin a watan Agustan 2000. Motar da ke sauke baƙi kowane mako ciniki ce ga mai tukwane da mai abinci da matashin da ya san kowane lungu na dutsen kakanninsa. Dole a zauna da sarakunansu tun farko, domin su suka san wuraren da al'adarsu ba ta yarda a taka ba.

Wannan magana ga ku nake yi, masu rubuta takardun da ke hawa teburin minista da masu tsara kasafin kuɗi. Duk abin da aka lissafa a nan, wato alluna da share turba da bayan gida da motoci kaɗan, ba zai kai kuɗin kilomita ɗaya na sabon titi a Abuja ba. Abin da yake buƙata shi ne a zaunar da hukumar ruwa da sashen sufuri da na yawon buɗe ido da jami'an tsaro a ɗaki ɗaya, a ba ɗayansu alhaki da wa'adi. A gwada na wata shida a lokacin rani, a ƙidaya fasinjoji, a auna tsabtar ruwa kafin farawa da bayan kammalawa, a wallafa sakamakon kowa ya gani. In ya gaza a dakatar, in ya yi kyau a kai shi Katampe da Mpape. Masinjan ofishinku ma yana da 'ya'yan da ya kamata su ga inda ruwan da suke sha ya fito.