Me ke haɗa tsufan ƙwaƙwalwa da ciwon damuwa?

Yayin da yawan tsofaffi ke ƙaruwa a duniya, likitoci na ƙara mayar da hankali kan ciwon damuwar da ke kama mutum a karon farko bayan ya manyanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen cewa nan da shekarar 2050, masu shekaru 60 zuwa sama za su kai biliyan 2.1.

Sau da yawa iyali kan ɗauki shirun dattijo da janye jikinsa daga jama'a a matsayin halin tsufa kawai. Sai dai masana sun ce wani lokacin matsalar daga ƙwaƙwalwa take.

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani farin sashe mai ɗauke da zaruruwan da ke isar da saƙo daga wannan ɓangare zuwa wancan. Idan ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da shi suka taurare, galibi saboda tsufa ko hawan jini ko ciwon suga, sai zaruruwan su fara lalacewa. Lalacewar kan fito tabo-tabo a hoton na'urar MRI.

A shekarar 1997 ne Farfesa George Alexopoulos na Jami'ar Cornell da ke Amurka da abokan aikinsa suka gabatar da hujjar cewa wannan lahani kan katse hanyoyin da ke daidaita yanayin zuciya, har ya haddasa damuwa ko ya tsananta ta.

Irin waɗannan marasa lafiya kan yi fama da kasala da nawar tunani, kuma maganin damuwa bai cika yi musu aiki yadda ake so ba.

To amma ba duk mai tabon ne ke kamuwa ba. Wani bincike a birnin Rotterdam na ƙasar Holan, wanda aka wallafa a 2001, ya gano tabon a jikin akasarin tsofaffin da aka duba. Kaɗaici da talauci da rasuwar abokin zama su ma suna da nasu tasirin.

A Najeriya, binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta, wanda ya fito a 2007, ya nuna kimanin kashi 7 cikin 100 na tsofaffin yankin Yarabawa sun yi fama da matsananciyar damuwa cikin shekara guda.

Akwai dai alamar mafita. Wani gwaji a Amurka da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa sauko da hawan jini sosai na rage saurin yaɗuwar tabon.

Tambayar da ta rage ita ce ko hakan zai hana damuwar kanta. Kafin a samu amsa, likitoci na ba da shawarar a riƙa auna jini tun ana da sauran ƙarfi, kuma a kai dattijon da ya sauya hali asibiti da wuri.