Uban da Bai Ajiye Sandarsa Ba

Akwai wata al'ada ta mutanen Kanada wadda muke ganin ta cancanci mu tsaya mu dube ta. A garuruwansu, in hunturu ya kama, sau da yawa misalin ƙarfe goma ko sha ɗaya na dare sai ka ga magidanta, malamin makaranta da direba da akawu, suna shiga filin ƙanƙara da jaka a kafaɗa, sanda a hannu. Wasan hoki ya kawo su. Ba a biyansu ko kwabo, su ne ma ke haɗa kuɗin hayar fili, kuma dare ya zama rabonsu domin lokutan yamma na yara ne.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum shida ne a kowane gefe, har da mai tsaron gida. Suna sulɓi bisa takalma masu kaifin ƙarfe, suna kora wani ɗan faifan roba da sanda zuwa raga. Da ma da 'yan sa-kai ya fara. Wasan farko da aka shirya cikin rufaffen fili an yi shi ne a Montreal ran 3 ga Maris, 1875, kuma akwai ɗaliban Jami'ar McGill a cikin 'yan wasan. Kofin Stanley ma, wanda Gwamna-Janar Lord Stanley ya bayar a 1892, don 'yan sa-kai aka yi shi. Da masu wasa don kuɗi suka mamaye shi, sai aka fito da Kofin Allan, aka fara gasarsa a 1909.

To, mene ne ke fitar da mai iyali cikin tsananin sanyi haka? A ganinmu, zumunci ne. Namiji ba kasafai yake zaunar da abokinsa ya ce masa yana cikin damuwa ba. Amma in sun yi gumi tare, sun zauna a ɗakin sauya tufafi suna kwance igiyar takalma ana ba'a, sai bakin ya buɗe da kansa: wannan aiki ya kuɓuce masa, wancan mahaifinsa na kwance asibiti. Wanda bai zo ba mako biyu, za a neme shi. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Waɗannan mutane sun yanka masa rana da sa'a. Gaskiya ne sukan rufe zaman da giya, har sunanta ya bi ƙungiyoyin, wannan kuwa ba abin koyi ba ne gare mu. Haɗuwar ita ce abin dubawa.

Wani zai ce, ashe ba gudun gida ba ne? Mu dai muna ganin uban da ke wasa da kansa ya fi sanin nauyin abin da yake nema wurin ɗansa. Wanda ya sha faɗuwa a kan ƙanƙara daren jiya, da wuya ya daka wa yaro tsawa don ya zubar da ƙwallo yau. Dubi Walter Gretzky, ma'aikacin kamfanin tarho a Brantford ta jihar Ontario, wanda shi ma ya yi wasan a ƙuruciyarsa. Ya riƙa malala ruwa a bayan gidansa ya daskare, a nan ya koya wa 'ya'yansa da yaran unguwa. Ɗansa Wayne ya tara maki 2,857 a babbar gasar NHL, har yau ba wanda ya kamo shi. Ba wai kowane uba zai haifi gwarzo ba; abin lura shi ne mutumin ya tsaya cikin sanyi tare da yaran har ya san su.

Akwai kuma ɗaya fuskar. A shekarar 2000, a garin Reading na jihar Massachusetts a Amurka, wani uba ya yi wa wani uban duka har ya mutu, a gaban yara, kan gardamar yadda wasan 'ya'yansu ya gudana. A 2002 kotu ta ɗaure shi. Irin abin da kan faru ke nan in uba ya ɗora wa yaro burin da shi kansa ya kasa cimmawa, wasa ya koma faɗa.

Ba mu da ƙanƙara, amma matsalar tamu ce. Da mun karɓi digiri, mun kama aiki, mun yi aure, sai mu rataye takalman ƙwallo, mu ce wasa na yara ne. Abokan ɗakin kwana sai a wurin suna ko jana'iza. Yaranmu kuma su san mu a matsayin mai biyan kuɗin makaranta da mai tambayar sakamakon jarrabawa kurum. Saboda haka muna kira ga kowa, tun kafin ya bar jami'a, ya ƙulla da abokansa rana guda a mako wadda ba ta tashi, ko ƙwallo ne ko guje-guje. In Allah ya ba shi haihuwa, ya riƙo hannun yaron su tafi tare, ya bar shi ya ga babansa ya ci, ya ga an ci shi, ya kuma ga ya miƙa wa abokin karawarsa hannu.