SHARHI: Karatun wasanni da ake rainawa a jami'a, da asarar da Najeriya ke tafkawa a fili

A gasar Olamfik ta Paris a 2024, Najeriya ta tafi da 'yan wasa 88, ta dawo babu ko lambar tagulla. A wannan gasa ce Annette Echikunwoke ta ci wa Amurka lambar azurfa a wasan jifan guduma. Shekara uku kafin nan, da sunan Najeriya ta je Tokyo, amma aka hana ta shiga fili tare da wasu 'yan ƙasar tara, saboda ba a yi musu gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari sau uku cikin wata goma kafin gasar ba, kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Ba a kama su da shan komai ba. Waɗanda alhakin tsara gwajin ya rataya a wuyansu ne suka yi sake.

A Paris ma sai da aka maimaita. Favour Ofili ta cancanci tseren mita 100, amma ba a shigar da sunanta ba. Bayan gasar Ministan Wasanni na lokacin, John Enoh, ya nemi afuwar 'yan ƙasa, kuma a watan Oktoba na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya rushe ma'aikatar, ya miƙa ragamar ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko.

Sauya sunan ofis abu ne mai sauƙi. Tambayar da ta rage ita ce: su wa za su zauna a kan teburan? Kiyaye ranakun rajista, tsara jadawalin gwaji, auna nauyin atisaye, tsara abincin ɗan wasa, duba bugun zuciyarsa kafin kakar wasa, duk ilimi ne da ake zama a aji a koya.

Najeriya kuwa tana da azuzuwan. Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas tana horas da kociyoyi da jami'an gudanarwa tun 1974. Jami'ar Ahmadu Bello, Jami'ar Bayero da Jami'ar Ibadan duk suna koyar da ilimin motsa jiki da kiwon lafiya, inda ɗalibi ke nazarin yadda tsoka da zuciya da huhu ke aiki, da rigakafin rauni, da gudanar da harkar wasanni.

Matsala ta farko ita ce mazaunin kwas ɗin. A waɗannan jami'o'i yana ƙarƙashin tsangayar ilimi ne, wadda asalin aikinta yaye malaman makaranta. Ilimin abinci mai gina jiki yana wata tsangaya, ilimin kasuwanci yana wata. Wanda ya san jiki bai san lissafin kuɗin kulob ba, wanda ya san abinci bai taɓa zama da ɗan wasa ba.

Ta biyu ita ce raini. A gidaje da yawa, yaron da ya ce zai karanta wasanni kallon wanda ya rasa abin yi ake masa. Sau da yawa wanda makinsa bai kai na likitanci ko lauya ba ake turawa can, ya shiga ba da son ransa ba, ya fita yana neman aikin banki.

Ta uku, kuma mafi girma, ita ce rashin ƙofar shiga. Galibin kulob-kulob na gasar Firimiyar Najeriya mallakar gwamnatocin jihohi ne, kuma muƙamansu sun fi bin sanayya da siyasa fiye da takardar shaida. Idan babu mai neman ƙwararre, babu dalilin da zai sa haziƙin ɗalibi ya kashe shekara huɗu don zama shi. Shi ya sa taurarin ƙasar ke gogewa a waje: Tobi Amusan, wadda ta kafa tarihin duniya da daƙiƙa 12.12 a tseren tsallake shinge a 2022, a Jami'ar Texas da ke El Paso ta samu horo.

Asarar ba ta tsaya kan lambar yabo ba. Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, ana wasa da Angola, kuma bai tashi ba. Bayan kusan shekara 31, a watan Maris na 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya rasu ta irin wannan hanya a Lafiya. Gwajin zuciya kafin kaka da ƙwararren mai ba da agajin gaggawa a bakin fili su ne abin da ke raba suma da mutuwa.

A Arewa buƙatar ta fi fitowa fili. Ɗan ƙwallon da ke atisaye cikin azumi a zafin Kano ko Maiduguri yana buƙatar wanda zai tsara masa sahur da shan ruwa. Ɗan dambe da ɗan kokawa suna buƙatar wanda ya san illar duka a kai. Kuma masanin da zai haɗa abincin ɗan wasa daga wake, gero, ƙuli-ƙuli, nono da zogale ya fi amfani ga kulob mai ƙaramin ƙarfi fiye da gwangwanin garin ƙarin kuzari na ƙasar waje. Haka nan wuraren motsa jiki da ke ƙaruwa a Abuja, Kaduna da Kano: mai hawan jini ko ciwon suga da ya shiga cikinsu yana miƙa lafiyarsa ne ga mai horarwar da babu tabbacin ya taɓa karanta darasi ɗaya.

Gyaran yana da hannu biyu. Sabon tsarin manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar a Disamban 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. Wannan fili ya isa a haɗa motsa jiki da abinci da gudanarwa, tare da tilasta wa ɗalibi zaman koyon aiki a kulob ko hukumar wasanni.

Ɗaya hannun na Hukumar Wasanni ta Ƙasa ne da masu shirya gasa. Su sanya sharaɗin cewa babu kulob da zai samu lasisi, babu tawagar da za ta karɓi kuɗin gwamnati, sai ta nuna ƙwararrun da ta ɗauka da takardunsu. Ranar da takardar ta zama mabuɗin albashi, iyaye da kansu za su riƙa rubuta kwas ɗin a fom ɗin JAMB.