Matan Fada da Haƙƙin Masunta

Duk wanda Allah ya nufe shi da halartar bikin kamun kifi na Argungu, wanda asalinsa ke komawa ga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi a 1934 domin tabbatar da sulhu bayan daɗaɗɗiyar adawa, lalle ba zai mance da sa'ar nan ba da dubban masunta ke rugawa cikin kogin Matan Fada, kowa da gorarsa da homarsa, makaɗa na biye da su cikin kwalekwale, har wani ya taso rungume da giwan ruwa wanda ya kusa kai tsawonsa.

Amma a ganina mun fifita shagalin 'yan kwanaki bisa maslahar waɗanda suka gaji hikimar kamun kifi kaka da kakanni, alhali madatsun Bakolori da Goronyo sun rage ambaliyar da kifi ke hayayyafa cikinta a fadamu. Wajibi ne hukuma ta riƙa shawara da Sarkin Ruwa game da lokacin sakin ruwa, ta kuma agaza wa samarin da ke koyon tuƙi da nutso, domin sassaƙa sabon jirgi ya fi ƙarfin da yawansu.