Kafin ka sayi tsohon DT don hoto, fara tambayar aljihunka

Kwanakin baya wani ƙanina ya turo mini hoto ta WhatsApp. Tsohon babur ne Yamaha DT, dogo, an sake masa fenti, tayoyinsa masu manyan haƙora, salansa ta ɗaga sama. A ƙasa ya rubuta: "Yaya, ka ga mutumin! Kuma araha." Shirinsa shi ne ya sayar da Boxer ɗin da yake zuwa makaranta da shago da shi, ya sayi wannan, har ya samu canji. Tambaya ɗaya na yi masa: lita ɗaya kilomita nawa take kai shi? Shiru. Abin da mai sayarwa ya ce masa kawai shi ne "ba ya shan mai sosai". Wa ya taɓa jin mai sayar da babur ya ce nasa yana shan mai?

Ba shi kaɗai ba ne. Duk mai leƙa TikTok da Instagram ya san yadda bidiyon baburan daji ke ɗaukar hankali: ana ratsa yashi, ana haura tudu, ana ɗaga tayar gaba. Ni ma suna burge ni, ba zan ɓoye ba. Amma ra'ayina shi ne matashi ya sayi babur don hanyar da yake bi kullum da kuɗin da ke shigo masa. Bidiyon daƙiƙa talatin ba ya nuna maka layin gidan mai.

Mu tuna inda muke. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, cikin 'yan kwanaki litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500. Kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. A da, kana iya yafe wa babur shan mai don kyansa. Yanzu kuwa kowace murzar totur kuɗi ce.

Me ya sa DT da ire-irensa suke shan mai haka? Ba wai tsufa kaɗai ba ne, ƙirar injin ce. DT 125 da DT 175, da Suzuki TF125, da Yamaha AG100 da malaman gona suka saba hawa, duk injinsu mai bugu biyu ne. Irin wannan injin yana ƙona mai a kowane juyi ɗaya, kuma ba shi da bawul irin na sauran babura. Lokacin da sabon mai ke shigowa, ƙofar hayaƙi tana buɗe, don haka wani kaso na man yakan fice ta salansa ba tare da ya ƙone ba. Ga shi kuma yana ƙona baƙin mai tare da fetur, shi ya sa kake ganin shuɗin hayaƙin nan. Boxer da Honda CG125 da yawancin baburan da ke kan titunanmu yau masu bugu huɗu ne: sau ɗaya suke ƙona mai a juyi biyu, bawul yana rufe ƙofa a kan lokaci, baƙin mai kuma yana zaune a mazauninsa. Mai bugu biyu ya fi zafin nama, ba shi da nauyi, kuma gyaransa ba wuya. Farashin wannan zafin naman a gidan mai ake biyan sa.

Bari mu yi lissafin misali, kai kuma ka sa naka alƙaluman. A ƙaddara kana yin kilomita 30 a rana, wato 900 a wata. Babur mai yin kilomita 45 da lita zai sha lita 20. Mai yin kilomita 25 zai sha lita 36. Bambancin lita 16 ke nan. In muka ɗauki lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi, naira 16,000 ce a wata, 192,000 a shekara, ba a sa kuɗin baƙin man da yake ƙonawa ba. To ina arahar? Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, matsalar ita ce da yawanmu ba mu san rariya muke saya ba.

Gano gaskiyar babur ba ya buƙatar kowace na'ura. Ka cika tanki maƙil, ka rubuta lambar mita. In mitar ta mutu, kamar yadda take a yawancin tsofaffin babura, taswirar wayarka za ta auna maka nisan. Ka yi zirga-zirgarka yadda ka saba, ka koma gidan man nan ka sake cikawa. Raba kilomitocin da ka yi da litar da ta shiga. A gidan mai za ka yi wannan, ba da kwalbar 'yan bumburutu ba, don kwalba ba ma'auni ba ce. Mai sayarwar da ya ƙi yarda a yi wannan gwajin ya riga ya ba ka amsa.

Sai maganar kayan gyara. In Boxer ya lalace, kusan kowane bakanike a bakin titi yana da abin da zai sa maka. Tsohon DT kuwa, fistan da ringi na asali sai ka sha yawo, wani lokacin har Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka dawo da na hannu ko jabu. Akwai kuma famfon da ke tura baƙin mai cikin injin, wanda Yamaha ke kira Autolube. A tsofaffin babura sau da yawa ya mutu ko an cire shi, sai dai ka riƙa haɗa man da hannunka a tanki. Rana ɗaya ka manta, injin ya buga.

Kada a ɗauka ina kushe baburan nan ne. Tun da Yamaha ta fitar da DT-1 a 1968, don hanyar da ba kwalta aka ƙera su, kuma a nan ba su da na biyu. Babbar tayar gaba, tsayin da ke hana ƙasan injin bugun dutse, da ƙafafun da ke shanye gargada, su ne dalilin da ya sa ma'aikatan gona da na lafiya suka daɗe suna shiga ƙauyuka da su. In gonarku tana bayan rafi, ko damina tana yanke hanyar garinku, man da zai sha ya biya kuɗin sabulu. Ko a nan ma, ka fara neman mai bugu huɗu irin su Honda XL ko Yamaha AG200. Amma in daga gida sai makaranta sai majalisa, duk a kan kwalta, kana biyan kuɗin abin da ba ka amfani da shi ne.

Akwai wani nau'in da ake rikita shi da waɗannan, wato na wasan hawan duwatsu da kake ganin su Toni Bou ɗan ƙasar Sifaniya suna tsalle da shi. Wannan kayan wasa ne zalla. Ba shi da wurin zama na kirki, tankinsa bai kai lita 3 ba, giyarsa ta tafiyar hawainiya ce. Ba zai kai ka kasuwa da buhu ba.

In kuma ka riga ka saya, ko zuciyarka ta kafe, akwai abubuwan da za su rage maka asara. Ka riƙa wanke soson da ke tace iska, musamman da hunturu, don in ƙura ta toshe shi injin yakan zuƙi mai fiye da kima. Ka sa a duba kafireto, in yana ɗiga ko filogi yana yin baƙi, kuɗinka ne ke tafiya. Ka duba iskar taya da sarƙa kowane mako. In yawancin tafiyarka a kwalta ce, ka sauya tayoyin nan masu haƙora da waɗanda suka fi santsi. Kada ka fasa salansa don ƙara. A injin mai bugu biyu, ƙirar salansar tana cikin aikin injin, in ka ɓata ta ka ƙara shan mai ka kuma dami maƙwabta. Sannan kafin ka biya ko sisi, ka tabbata lambar injin da ta jikin babur sun dace da takardu. Babur mai araha marar takarda yana iya kai ka inda ba ka shirya zuwa ba.

Ƙanin nawa dai mun yi yarjejeniya: zai karɓi babur ɗin ya yi gwajin tanki na kwana uku, in lissafi ya fita ni da kaina zan raka shi biya. Kai ma da kake karanta wannan, ko wane irin babur kake hawa, gwada shi a makon nan. Ka san lambarka kafin mai sayarwa ya faɗa maka tasa.